Dogon hutu: keken ɗinki, kwarashi ko kaskon suya?

Da an shiga watan Yuli, hirar iyaye mata a layinmu takan koma kan abu guda: yaya za a yi da yaran nan idan aka ba da dogon hutu? Makarantun boko a Kano sukan rufe zango na uku wajen ƙarshen Yuli, ba a komawa sai cikin Satumba. Mako shida ke nan, wata shekarar bakwai, ga ruwa yana zuba, ga yara cike da gida kowa yana rigimar a ba shi wayar uwarsa. Masu hali su biya kuɗin lesin, masu ƙauye su tura wajen kakanni. Mu kuwa da muka ce a koyi abin hannu, namu ciwon kan shi ne wanne za a zaɓa. A gidana an gwada ɗinki, an gwada saƙa, an gwada girkin sayarwa, a kan yara uku masu hali daban-daban, kuma na yi asarar kuɗi a wani na ci riba a wani. Shi ne na ce bari in baje su ga 'yar'uwar da take shirin nata hutun.

Kafin a taɓa maganar kowace sana'a, ki fara ƙirga kwanakin da gaskiya. Mako shida a takarda kwana 42 ne, amma ba duka ne naki ba. Islamiyya ba lalle ta yi hutu tare da boko ba, wasu ma a lokacin ne suke ƙara zaman safe saboda hadda. Ki cire makon farko da yara suke sauke gajiyar jarabawa, ki cire na ƙarshe da ake faman neman littattafai da takalma. Ki cire ziyarar dangi da ba ta da makawa, da ranakun da ruwan Agusta zai hana kowa leƙa ƙofar gida. Abin da zai rage bai fi kwana ashirin da 'yan kai ba, kuma mafi tsawonsu su ne Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makarantar allo. Da wannan ma'aunin nake auna sana'o'in nan uku, ba da kyawunsu a baki ba.

Ɗinki shi ne wanda kowa yake fara ambata, kuma shi ne ya fi cin kuɗi ya fi jinkirin nuna fuska. Babbar 'yata tana da shekara 14 na kai ta wajen wata tela a bayan layinmu, na biya kuɗin koyo, na sai mata almakashi da tef ɗin awo da alli. Makon farko kaf ba ta ɗinka komai ba. Taka keke take koya babu zare, don ƙafa ta saba kada ƙafar keken ta riƙa komawa baya tana tsinka zare. Mako na biyu aka ba ta takardar buhun siminti tana bin layi da allura, tana koyon naɗa zare a kwarkwaro da zura shi. Sai a na uku ta fara kalmasa a bakin ɗankwali da zani. Ranar da za a koma makaranta, abin da ta zo da shi gida siket ɗin ƙanwarta ne guda ɗaya, gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, da rigar matashin kai biyu. Yanka kuwa, wanda shi ne zuciyar ɗinki, ko almakashi ba a bari ta ɗora a kan atamfar mutane ba, kuma da gaskiyar telar, domin wa zai ba ɗan koyo turmin da aka sayo da tsada a Kantin Kwari?

Ba laifin malamar ba ne. Haka ɗinki yake, ana shekara ana koyonsa, wasu shekara biyu kafin a yaye su. Abin da ya kamata ki bincika kafin ki miƙa kuɗi shi ne keke nawa ne a shagon, kuma 'yan koyo nawa ne. Idan keke biyu ne 'yan koyo shida, to 'yarki aike za ta sha, da shara, da hura gawayin dutsen guga, ta dawo gida da yamma tana cewa ta gaji alhali ba ta zauna a kan keke na minti goma ba. Na ga wannan a gidan maƙwabciyata.

Akwai wani abu da ya sauya wanda ya taimaki masu son ɗinki. Shekarun baya Babbar Sallah tana faɗowa cikin dogon hutu ko bakinsa: a 2019 an yi ta 11 ga Agusta, a 2020 kuma 31 ga Yuli. A irin wannan lokaci tela ko gaisuwarki ba ya amsawa da kyau, balle ya tsaya nuna wa yarinya yadda ake saka zif. Da yake watan Musulunci yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, yanzu Sallah ta bar hutun, a 2025 tun 6 ga Yuni aka yi ta. Saboda haka farkon Agusta teloli suna da ɗan sarari. Sai dai Mauludi ne ya shigo wajen, ga ɗinkin ankon 'yan Islamiyya da na Takutaha, bikin da Kanawa suke yi mako guda bayan Mauludi, ga kuma yunifom da ake rububinsa daf da komawa makaranta. Wannan ba asara ba ce ga ɗan koyo. Yunifom ɗinki ne miƙaƙƙe mai maimaita kansa, a nan ne ake ba yara haɗa gefe da saka maɓalli, hannu ya faɗa.

Idan akwai keke a gida, irin tsohuwar Butterfly ko Singer da take cikin kayan ɗakin iyayenmu an lulluɓe ta da zani ana ɗora kwanuka a kai, lissafin ya sauya. A kira mai gyara ya zuba mata mai ya sauya bel, yarinya ta riƙa maimaita abin da aka koya mata da daddare a kan ƙyallayen da teloli suke zubarwa. Ba ruwanta da wutar lantarki. Amma ban ba kowa shawarar ya sayi sabon keke saboda hutun mako shida ba. Ki bari sai kin ga yarinyar tana tashi da kanta ta shirya ba tare da kin yi mata faɗa ba.

Saƙa kishiyar wannan ce ta kowace fuska. Kwarashi ɗaya da ƙullin zaren ulu biyu ko uku daga Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, shi ke nan jarin. Ba wuta, ba mai, ba fita cikin ruwa. Ta tsakiyar tawa tana da shekara tara wata gwaggonsu ta nuna mata yadda ake jan sarƙa, kwana uku tana yi tana warwarewa, a na huɗu hannunta ya kama. Daɗin abin ke nan: kuskure a saƙa ba ya cin kuɗi, zaren da aka ɓata shi za a warware a sake. Ba haka yadin da aka yanka ba daidai ba, ba haka kwaɓin cincin da gishiri ya zarce ba. Kafin hutu ya ƙare ta yi hular jariri da safa, da wani abin ɗora kofi mai kama da faifai wanda har yau yana kan teburin Babansu.

Inda saƙa take da rauni biyu ne. Na farko, kasuwarta ba ta damina ba ce. Hula da safa da rigar sanyin jarirai sai hunturu ya kama, Disamba zuwa Janairu, ake nemansu. Ke nan abin da aka saƙa a Agusta ajiya za a yi, a ƙulle a leda saboda danshi da ƙura, a jira. Yaron da yake son ya ga kuɗi a tafin hannunsa yau ba zai gane wannan ba. Ga kuma 'yan gwanjo da suke zubar da kayan sanyin yara a farashin da ko kuɗin zarenki bai kai ba, don haka wanda zai sayi saƙar hannu sai mai son a ce an yi masa musamman, ko mai neman abin kai wa barka. Na biyu, saƙa tana son mai zama. Autana na ba shi kwarashi, kafin in juya ya mai da shi abin tonon ramin gara.

Ɗinkin hula ɗan'uwan saƙa ne a wajen sauƙin jari da son haƙuri, kuma shi kasuwarsa ba ta mutuwa, tunda namiji a ƙasar Hausa ba ya rabuwa da hula. Amma hula guda mai aiki sosai tana cin makonni a hannun gwana, kuma tana cin ido. Ga yarinyar da ta haura shekara 12 kuma akwai mai yi a gidan, ya yi. Ga ƙarama, a bar ta da kwarashi.

Yanzu ga wanda na fi daɗewa a kansa, domin shi ne ya fi ruɗin mutane: girkin sayarwa. Shi kaɗai ne a cikin ukun da za a fara da safe a ƙirga ciniki da yamma. Kuma ko ba a sayar da ko ƙwaya ba, yaron ya koyi abin da zai amfane shi har tsufa, gidan ma ya ci. Amma "girki" kalma ce mai faɗi, kuma damina tana da waɗanda take so da waɗanda take ƙi.

Zoɓo da kunun aya su ne kowa yake fara tunani, ni kuwa su nake fara cirewa. Kayan lokacin zafi ne, kasuwarsu Maris da Afrilu da azumi. A Agusta gari ya yi sanyi, ranar da aka wuni da hadari ba mai neman abu mai ƙanƙara. Sannan dukansu bayin firji ne. Idan aka ɗauke wuta, ko iska ta kayar da turke aka kwana biyu babu, zoɓo ya ɗan jure, amma kunun aya kafin la'asar ya yi tsami ya fara kumbura jarka. Na zubar da bokiti guda da hannuna, da dabino da kwakwar da ke ciki, ban sake ba.

Awara ita ce sarauniyar yamma a lokacin ruwa. Abu mai zafi da yaji, ana yayyafi ana ci. Jarinta kwanon waken suya, da mangyaɗa, da attaruhu da albasa da yaji. Sai dai aikinta ba na yaro shi kaɗai ba ne. A jiƙa wake, a kai inji a markaɗo, a tace, a ɗora madarar a wuta har ta tafasa, a zuba ruwan tsamin da aka tsiyaye daga gasarar koko ta dunƙule, a kwashe a ƙyalle ko buhu a danne da dutse ruwan ya tsane, sannan a yanka a soya. Rabin wuni ke nan. Yara za su iya tsince wake da kai niƙa da tata da yanka, amma tukunyar da take tafasa da kaskon mai, wannan naki ne ko na wadda ta girma. Kuma awara ba ta son kwana. Abin da bai ƙare ba yau, gobe sai dai a yi miyarsa a gida. Ki kuma tuna Agusta lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai shigo ba, waken suya ba ya sauka sai an yi girbi wajen Oktoba da Nuwamba. Wadda ta sayi nata tun da kaka ta ajiye ta fi ki riba ko da kuna soyawa a kasko ɗaya. Ɗan abin da yake rage zafi shi ne dusar, masu awaki suna saye.

Cincin shi na fi yarda da shi ga mai farawa. Fulawa, sukari, bota, ƙwai, ɗan gishiri da madara idan da hali. Aikin da ya fi yawa a cikinsa murzawa da yankawa ne, kuma wannan ko ɗan shekara bakwai zai zauna a tabarma ya yi, ke ki tsaya a kan suya. Ana yi sau ɗaya a mako, a ƙulla a ƙananan leda, a kai shagon unguwa a ba da sari, ba sai an zauna gadinsa ba. Abokin gabarsa danshi ne. Idan aka bar shi a tire a buɗe a iskar damina, kafin gari ya waye ya yi laushi ya daina ƙaras-ƙaras. Sai ya huce sarai, sannan a zuba a bokiti mai murfi ko a ƙulle nan take. Wanda aka ƙulle da ɗuminsa kuwa gumi zai yi a cikin ledar. Alawar madara da gullisuwa yara sun fi so, kuma sun fi saurin ƙarewa a bakin Islamiyya, amma madarar gari ta yi tsadar da kuskure ɗaya a kan wuta zai cinye ribar mako. Su ma danshi yana sa su naso.

Ga abin da ba a faɗa a wajen masu koyar da sana'a a WhatsApp: makamashi. Itace a damina a jiƙe yake, hayaƙi ya fi wutar yawa, ga tsakar gida babu wajen hurawa. Gawayi yana ƙara kuɗi da zarar ruwa ya zauna. Gas ya fi tsafta da saurin sarrafawa, musamman ga cincin da yake son wuta daidai, amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai da ake ɗaukowa a mota ya tashi, har kuɗin adaidaitar da za ta kai ki kasuwar Singa ki sayo fulawa da sukari. Idan ba ki saka kuɗin wuta da na mota da na leda a lissafi ba, za ki ga kuɗi suna shigowa ki ɗauka riba ce, alhali tukunyar gas ɗin gidan ce take biyan bashin.

Sai kuma ɓarayin cikin gida. Shekarar da muka fara cincin, na ƙirga ƙulli hamsin da dare, da safe na tarar da arba'in da uku. Na tara su na ce, "Wa ya taɓa?" Kowa ya yi tsit. Can autan ya ce, "Umma, ai Abba ma ya ɗauki biyu da zai tafi masallaci." Da maigidan ya dawo na ce, "Abban yara, ashe da kai ake cin uwar kuɗin?" Ya yi dariya ya zaro kuɗi ya biya har da na yaran. Daga ranar muka kafa doka: ana ware na gida tun a kasko, gutsattsari da waɗanda suka ɗan ƙone, sauran kuwa ko ni ce zan ci sai na biya. Babbar ta riƙe littafi tana rubuta abin da aka kashe da abin da ya shigo. Ni a wajena wannan littafin ya fi cincin ɗin daraja, don a nan ta gane bambancin ciniki da riba, abin da wasu manya ma har yau ba su rarrabe ba.

Magana ɗaya da ba na sassauci a kanta ita ce talla. Koya wa yarinya sana'a daban, ɗora mata tire ta bi tasha da gareji daban. Idan abin ba zai sayu a ƙofar gida, ko a shagon unguwa, ko ta hannun maƙwabta da dangi ba, a bar shi. Wannan ma yana cikin abin da ya sa cincin ya fi awara a wajena, shi ba ya matsa miki lamba a rabu da shi kafin magariba.

Kada kuma a ce duk wannan na mata ne. Ranar da Hajiya, kakarsu, ta tarar da jikanta namiji yana murza kwaɓi, sai ta ce, "Yau na ga abin da ya ishe ni, namiji da muciya?" Na ce, "Hajiya, ai mai shayin bakin titi da mai tsire duk maza ne, kuma telan da yake yi wa Alhaji babbar riga ma namiji ne." Ta ce ita dai a zamaninsu ba haka ba, ta kuma ci ƙulli ɗaya ba ta biya ba, ba wanda ya isa ya tambaye ta. Yaron da zai je makarantar kwana ko jami'a wata rana, gara ya san yadda ake dafa shinkafa da wake da mai da yaji, ya kuma iya mai da maɓallin rigarsa.

To wanne za a ɗauka? Ni ga yadda nake yankewa. Idan yaron bai kai shekara goma ba, ko gidan babu babbar da za ta tsaya a kan wuta, ko aljihu ya yi ƙasa, kwarashi da zare, tare da allurar hannu don koyon ɗinke ɓarakar riga. Asararsa kaɗan ce ko da an watsar a mako na biyu. Idan yaran suna da yawa kuma shekarunsu sun bambanta, kina gida, kuma kina son su ga sakamakon wahalarsu kafin a koma makaranta, girki, kuma a fara da cincin, a ƙara awara ranar Alhamis idan an ga hannu ya faɗa. Shi kaɗai ne yake ba kowa aiki, daga mai yanka har mai ƙulla leda har mai riƙe littafi. Ɗinki kuwa, duk da shi ne zai fi ciyar da mutum nan gaba, kada ki shige shi sai kin shirya cewa ba aikin hutu ɗaya ba ne. Ki yi magana da telar tun farko cewa bayan an koma makaranta yarinyar za ta riƙa zuwa Asabar da Lahadi. In ba haka ba, kafin hutun Disamba ƙafar ta manta keke, kuɗin koyon kuma sun bi ruwa. Haka ya faru da ni a shekarar farko, sai da na sake biya.

Kowanne kika zaɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tela mai kirki wajensa yana cika tun kafin a rufe makarantu, don haka a je a kama wuri tun tsakiyar Yuli. Mai shagon da za ki ba sari, ki tambaye shi tun yanzu ko wata ta riga ki, kuma ku yi magana a kan ranar biya, don bashin ɗan ƙulli ashirin yana iya ɓata zaman maƙwabtaka. Fulawa da sukari da mai, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayo a Singa ku raba, ya fi awon gwangwani a unguwa nesa ba kusa ba.

Bana a gidana babbar ta koma wajen telarta, an fara barinta ta yanka hijabin yara. Ta tsakiyar ta ce bargon jariri za ta saƙa wa matar kawunta da take da ciki, na gaya mata zaren zai kai ƙulli nawa ta ce ta ji ta gani. Autan kuwa ya nemi a ba shi riƙon littafin cincin. Ban amsa masa ba tukuna, ina jiran in ga sakamakon jarabawarsa ta lissafi.